Yadda Ake Binciken Tattalin Arzikin Zamanin Turawa Daga Kaduna, Mataki-Mataki

Tambayar nan ta yawaita, daga ɗaliban digiri na biyu har malaman sakandare masu son komawa karatu: mutum yana son ya ƙware a tarihin tattalin arzikin zamanin mulkin mallaka, ta ina zai fara, kuma me zai tarar idan ya shigo Kaduna? Wasu sai sun iso bakin ƙofar ma'ajiyar tarihi, inda ake ajiye tsofaffin takardun gwamnati, suke yin ta, da taken kundi wanda an riga an sa wa hannu, alhali ba su taɓa buɗe fayil ko ɗaya ba. Ga yadda aikin yake, bi da bi.

Abu guda za ka riƙe tun daga nan. Bature bai tara takardun nan don ya ba ka labarin arzikin kakanninka ba. Ya tara su ne don ya san nawa zai karɓa, daga hannun wa, a wane wata. Haraji ne zaren da ya ɗinke kusan duk fayilolin da za ka karanta, kuma duk abin da ba ya kawo haraji, da wuya ka same shi a ciki.

1. Matse tambayarka

"Tasirin mulkin mallaka ga tattalin arzikin Arewacin Najeriya, 1900 zuwa 1960" ba taken kundi ba ne. Aikin rayuwar mutum goma ne. Take mai yiwuwa yana da abu uku: wuri ɗaya da za ka iya zagayawa da ƙafarka, kaya ko sana'a ɗaya, da shekaru ashirin zuwa talatin.

A lardin Zazzau kaɗai akwai abin da zai ishi ɗalibai da dama. Akwai auduga, da abin da ya faru da masaƙa da marina bayan kamfanin audugar Turawa na BCGA, wanda tsofaffi ke kira Bisije, ya kafa injin gurza a Zariya. Akwai hatsin da aka riƙa ɗauka zuwa sansanonin 'yan kuza ta ƙaramin layin dogon da ya tashi daga Zariya zuwa Jos, wanda aka rufe a 1957. Akwai jangali. Akwai leburorin reluwe a Kaduna, da yadda garin ya ci da kansa bayan an dawo da hedikwata daga Zungeru a 1917. Akwai masaƙar KTL da aka buɗe a Kakuri a 1957.

Gargaɗi: kada ka sa 1900 a farkon take don kawai a ranar 1 ga Janairun shekarar ne Lugard ya yi shelar mulkinsa a Lakwaja. Zazzau sai 1902 ta shiga hannu, Kano da Sakkwato sai 1903. Ka zaɓi shekarun da suka shafi kayan da kake bi: isowar jirgin ƙasa Kano a 1911, karyewar farashi bayan 1929, yaƙin duniya na biyu, ko kafa hukumomin sayen gyaɗa da auduga a 1949.

2. Karanta kafin ka hau mota

Wata biyu ko uku a laburare suna rage maka asarar kuɗin masauki. Ba sai ka haɗiye komai ba, amma akwai muhawarar da dole ka san ɓangarorinta. Jan Hogendorn, a aikinsa na 1978 kan gyaɗa, ya nuna cewa Turawa auduga suka so, manoma da fataken Hausawa irin su Alhassan Ɗantata ne suka juya akalar zuwa gyaɗa. Robert Shenton da Michael Watts sun fi mai da hankali ga haraji, da kamfanonin ciniki, da yunwa. Bill Freund ya yi na ma'aikatan kuza. Mahmud Modibbo Tukur kuwa, a kundinsa kan shekarun 1897 zuwa 1914, ya koyar da yadda ake karanta takardar Bature a ciro abin da mai rubutun bai yi niyyar faɗa ba. A ganina da shi ya kamata ɗalibi ya fara, tare da rubuce-rubucen Yusufu Bala Usman kan tantance madogara.

Ka fi ba bayanan ƙasan shafi muhimmanci a kan surutun sama. A nan ne lambobin fayil suke. Duk inda ka ga NAK, ma'ajiyar Kaduna ake nufi. Ka kwafi lambar da taken fayil ɗin a littafi na musamman, domin da shi za ka buɗe aiki a ranar farko. Sannan ka leƙa Laburaren Kashim Ibrahim da sashen tarihi na Jami'ar Ahmadu Bello ka duba kundayen da aka riga aka kare, kada ka kwashe shekara kana haƙa rijiyar da wani ya gama tun 1985.

3. Gano lardin da garinka yake a kowace shekara

Wannan mataki gajere ne, amma tsallake shi yana cin mako guda. An jera fayiloli bisa lardunan wancan zamani, kuma iyakokinsu sun yi ta motsi. Katsina tana ƙarƙashin lardin Kano har 1926, aka mai da ita lardin Zariya, sai a 1934 ta zama lardi mai zaman kansa. Wanda ke bin audugar Funtuwa ta 1930 a jerin Katsina kawai, zai ce babu komai. Lardin Filato ma a 1926 aka ƙirƙire shi, kuma garin Kaduna an cire shi ya zama yankin babban birni a 1956. Ka rubuta tebur ƙarami: shekara, lardi, yanki, gunduma, sunan hakimi. Ka kuma tara duk yadda Turawa suka rubuta sunan garin, domin kowane Di'o da yadda kunnensa ya ji.

4. Takardu, kaya da kasafi

Ka zo da takardar gabatarwa daga shugaban sashenka, mai ɗauke da sunanka da taken bincike, da katin shaida, da hotunan fasfo. Ka yi kwafi da yawa, domin kowace ma'ajiya da fadar hakimi za ta so ta riƙe nata.

Kayan aiki: fensir, babban littafin rubutu mai bango mai ƙarfi, waya mai kyamara mai kyau da wadataccen wuri, fawa-bank, filash biyu, da takunkumi. Ƙurar takardar da ta shekara ɗari ba wasa ba ce, musamman ga mai asma. A kwamfuta ka sa Zotero don madogara, Tropy don tsara hotunan takardu, da Excel don lissafi. Biyun farko kyauta ne.

Kuɗi kuwa, masauki ne ke cinye mafi yawa, sai mota da abinci, sannan kuɗin rajista da na kwafi ko ɗaukar hoto, wanda za ka tambaya a ofis tun ranar farko ka kuma karɓi rasit. Wanda ke da ɗan'uwa a Tudun Wada ko Unguwar Rimi ya sauka wurinsa. Masu zuwa daga Zariya kullum, tafiyar kusan kilomita 80, su lissafa ba kuɗin mota kaɗai ba, har da awannin safe da hanya ke cinyewa, waɗanda su ne mafi albarka a ɗakin karatu.

Gargaɗi: ka ware kashi ɗaya cikin uku na kuɗinka ka manta da shi. Na zuwa na biyu ne, bayan ka dawo daga ƙauye. Za ka ga dalili a mataki na 10.

5. Kwanakin farko a ma'ajiya

Ma'ajiyar Tarihi ta Ƙasa tana kan titin Yakubu Gowon. Ita ce ta Arewa cikin manyan ma'ajiyoyi uku na asali, sauran biyun suna Ibadan da Inugu. Ka gaida ma'aikata gaisuwa ta mutunci, ka faɗa musu abin da kake nema da Hausa ko Turanci mai sauƙi. Wasunsu sun fi farfesoshi sanin inda abu yake kwance.

Kada ka nemi fayil a ranar farko in ban da waɗanda ka zo da lambobinsu. Ka zauna da littattafan jerin fayiloli ka bi su layi-layi. Manyan rukunan da za ka sha fama da su biyu ne. Na farko SNP, wato takardun ofishin sakataren lardunan Arewa, inda duk abin da razdan, Baturen da ke shugabantar lardi, ya aika sama yake taruwa. A cikinsu SNP 7, SNP 10 da SNP 17 ne masu tarihin tattalin arziki suka fi shiga. Na biyu na larduna: ZARPROF na Zariya, KANOPROF, SOKPROF, KATPROF, JOSPROF da sauransu. Akwai kuma rukunin rubuce-rubucen Larabci da ajami.

Tsarin da ya fi kyau shi ne ka fara da rahotannin shekara-shekara na lardinka, a jere, ba tsallake. Suna da gundura, amma su ne za su ba ka ƙashin bayan labari: shekarar da ruwa ya yi gardama, shekarar fari, shekarar da aka sauke hakimi kan kuɗin haraji, shekarar da aka buɗe fuloti, wato filin awo da sayen auduga ko gyaɗa. Daga nan ka sauka zuwa rahotannin kiyasin haraji na gundumomi, sannan fayilolin da aka buɗe kan magana guda, kamar auduga, aikin tilas ko ƙarancin hatsi.

Gargaɗi: taken fayil ba ya faɗin duk abin da ke ciki. Fayil mai taken gyaran hanya zai iya ƙunsar jerin mutanen da kowane dagaci ya bayar don aikin tilas. Idan kuma aka ce ba a ga fayil ba, rubuta lambarsa da ranar, ka sake nema bayan mako guda, sannan ka nemi kwafinsa a ɗaya rukunin. Wasiƙar da ta tashi daga Zariya zuwa Kaduna tana da gida biyu.

6. Yadda ake karanta fayil

Hoton farko da za ka ɗauka shi ne bangon fayil, da lamba da take a bayyane. Kowane lokaci. Wanda ya koma gida da hotuna dubu uku ba bango, ya tara abin da ba zai iya kafa hujja da shi ba. Kuma ka nemi izini kafin ka ɗaga waya.

Fayil yana da kashi biyu. Akwai wasiƙu da rahotanni masu lambar shafi, akwai kuma takardun sharhi inda jami'ai ke rubuta wa juna gajerun maganganu da hannu, kowa da haruffan sunansa da kwanan wata. Sabon shiga yakan ɗauki hoton rahoton da aka buga da tafireta ya tsallake rubutun hannu saboda wuyar karatu. Kuskure ne babba. Rahoton shi ne abin da Di'o yake so manyansa su gani. A sharhin ne za ka ga sakatare ya ce alƙaluman nan ba su yi kama da gaskiya ba, ko razdan ya ce kada a ambaci gudun da mutane suka yi a rahoton da za a tura Ikko. Za ka riƙa cin karo da H.E., wato gwamna, da H.H., wato mataimakinsa mai riƙe da Arewa, muƙamin da C. L. Temple ya fara riƙewa bayan haɗewar Arewa da Kudu a 1914, H. R. Palmer kuma ya riƙe daga 1925 zuwa 1930. B.U. na nufin a sake kawo fayil a wata rana, P.A. kuma a ajiye shi. Maganar yunwa da aka rufe da P.A. bayan layi biyu, ita ma shaida ce.

Ga kowace takarda ka tambayi kanka abu huɗu kafin ka kwafi komai. Wa ya rubuta? Wa yake rubuta wa? Wata nawa ya yi a gundumar? Ta bakin wa ya ji? Yawancin abin da Bature ya "gani" ta bakin tafinta, ko masinja, ko malamin hakimi ya zo, kuma kowannensu yana da abin da yake karewa. Idan rahoto ya kira mutanen wani gari malalata, duba shafin gaba ko sun ƙi noma auduga ne don gero ya fi musu riba.

A littafinka ka raba shafi biyu. Hagu maganar fayil daidai yadda take, da lambar sakin layi. Dama ra'ayinka. Bayan wata shida ba za ka iya tuna wace jimla ce taka ba, kuma ta nan satar fasaha ke shiga kundin mutum ba da saninsa ba. Duk dare ka zuba hotunan a kwamfuta da filash, kowane fayil da jakarsa mai sunan lambarsa.

7. Alƙaluma da kuɗin zamanin da

A nan ne ake gane wanda ya iya aikin. Rahoton kiyasin haraji shi ne takarda mafi daraja da za ka riƙe. Jami'i ya zaga gunduma, ya ƙidaya maza da mata da yara, shanu da tumaki da jakai, karofi da masaƙa da maƙera, ya auna wasu gonaki, ya ƙiyasta abin da magidanci ke samu a shekara, sannan ya yanka haraji. Za ka ga tebur a tsare kamar ba ƙarya a duniya.

Fara da kuɗin. Fam ɗaya sule 20 ne, sule ɗaya kwabo 12, wato fam kwabo 240 ke nan. Sisi kwabo 6, taro 3, nai 9, anini goma kuma kwabo ɗaya. Kafin ka haɗa ko ka raba komai, mai da shi kwabo. Misali £3 7s 6d: fam uku 720, sule bakwai 84, da 6, ya zama kwabo 810. Idan ka ga 7/6, sule bakwai da sisi ne. Gargaɗi: in ka buga 7/6 a Excel, zai mai da shi kwanan wata bai gaya maka ba. Ka buɗe layi uku, na fam, na sule, na kwabo, na huɗu ya yi jimla.

Kada ka juya kuɗin zuwa nairar yau. An canja zuwa naira a 1973 a kan naira biyu fam ɗaya, amma wannan ba ya gaya wa mai karatu komai game da 1925. Abin da ke da ma'ana shi ne mudu nawa na gero harajin zai saya a kasuwar garin a wannan watan, ko kwana nawa lebura zai yi kafin ya tara shi. Nemi farashi da ladan lebura a fayil ɗin ko rahoton shekarar. A shekarun farko kuma za ka tarar da lissafi da kuɗin wuri, kuma canjinsa da sule ya bambanta daga gari zuwa gari da shekara zuwa shekara. Ka yi amfani da canjin da takardar kanta ta bayar. Mudu da dami ma haka: na Soba ba lallai ya zama na Maƙarfi ba.

Sai ƙidaya. Adadin "maza baligai" adadin waɗanda aka kama ne su biya, ba adadin mazan gari ba. Na shanu kuwa, adadin waɗanda Bafulatani bai samu ya kaɗa daji da su ba kafin malaman jangali su iso. Idan ka ga mutanen gunduma sun ragu tsakanin kiyasi biyu, kafin ka rubuta annoba ko yunwa, duba ko an yanke wasu ƙauyuka an ba wata gunduma, ko an canja hakimi, ko an sauya hanyar yanka harajin kanta. A ƙasar Kano an yi tsarin taki, inda ake auna gona da taku a yanka bisa faɗinta, alhali a wasu wurare jimla ake ɗora wa ƙauye dagaci ya rarraba. Haɗa alƙaluman tsari biyu a jadawali ɗaya ba tare da bayani ba, ɓata aiki ne.

Abin da nake so kowane ɗalibi ya bi shi ne kalanda. A wane wata ake shelar haraji, a wane wata ake buɗe fuloti, nawa ne farashin hatsi da kaka, nawa ne da bazara? Tun da aka ce haraji sai da kuɗin Bature, manomi ya zama dole ya sayar a lokacin da kowa ke sayarwa. Gyaɗar da Najeriya ta fitar ta tashi daga kusan tan 2,500 a 1912 zuwa sama da tan 19,000 a 1913, kuma a bayanta kaɗan yunwar 1914 ta faɗo. Ko akwai alaƙa tsakaninsu a gundumarka, da irin ƙarfinta, wannan kalandar ce za ta nuna, ba ra'ayin wani marubuci ba. Ka kuma nemi kasafin Baitulmalin En'e, wato hukumar gargajiya ta sarki. A yawancin masarautu an fara da raba haraji biyu tsakanin gwamnati da En'e, daga baya kason ya yi ta sauyawa. Duba nawa ya tafi albashin sarki da hakimai da dogarai, nawa ya tafi rijiya da makaranta.

8. Gidan Arewa da sauran wurare

Gidan Arewa yana titin Rabah, a tsohon gidan Sardauna, kuma cibiya ce ta Jami'ar Ahmadu Bello tun 1970, wadda Abdullahi Smith ya fara jagoranta. Ga mai aiki kan shekarun 1950 zuwa sama, wurin ya zama dole: takardun gwamnatin Jihar Arewa, muhawarar majalisa, littattafai da kundaye. Ka nemi tsofaffin jaridu, musamman Gaskiya Ta Fi Kwabo da ta fara fita a Janairun 1939. Wasiƙun masu karatu kan awon gyaɗa da 'yan baranda suna cikin wurare ƙalilan da talaka mai boko ya yi magana da bakinsa.

Mai aikin Kano ya je Hukumar Tarihi da Al'adu a Gidan Ɗan Hausa, na Sakkwato ya je ta Waziri Junaidu. Littattafan kotunan alƙalai, inda ake shari'ar bashi da gado da jinginar gona, sun fi kowane rahoto nuna yadda kuɗi ke yawo a hannun mutane. Wanda bai iya Larabci da ajami ba ya koma gaban malami. Wata shida sun isa ya fara tsintar wasiƙar hakimi.

Ingila ba dole ba ce ga digiri na biyu. Ga na digirgir, a ma'ajiyar Kew da ke Landan rukunin CO 446 ne na Arewa kafin haɗewa, CO 583 na Najeriya bayanta, kuma ana bincika jerinsu a intanet kyauta. Rahotannin shekara da aka buga wa majalisar Ingila su ma suna intanet. Ka sauke su tun kana gida.

9. Fita ƙasa

Wanda ya yi wayo kafin 1960 yau ya haura saba'in. Waɗanda aka ɗiba zuwa haƙar kuza tsakanin 1942 da 1944, abin da ake kira ɗiban gwamna, kusan duk sun riga mu gidan gaskiya, sai 'ya'yansu. Don haka kada ka jinkirta wannan mataki zuwa shekarar ƙarshe.

Ka bi ta ƙofa. Fadar hakimi da takardarka, shi ya haɗa ka da dagaci, dagaci da mai unguwa. "Ranka ya daɗe, ɗalibi ne ni, na zo neman sanin yadda iyayenmu suka yi noma da fatauci a zamanin Turawa." Kalmar haraji kada ta fito a gaisuwar farko, domin har yau mai littafi da biro da ke tambayar gonaki abin zargi ne. Ka tambayi halin hanya kafin ka tashi, musamman yammacin jihar Kaduna, kuma duk inda mutanen gari suka ce kada ka kwana, kada ka kwana. Da ɗan gari akan ci gari.

Kada ka tsaya ga waɗanda fada ta zaɓo maka, domin tarihin sarauta za su ba ka. Nemi tsohon marini, tsohon ɗan kamasho, wanda ya yi awo a fuloti, direban da ya ɗauki gyaɗa, ɗan fansho na reluwe. Kuma ka gyara tambayarka. Ba a ce wa tsoho "mene ne tasirin mulkin mallaka". Cewa ake: "Baba, da kuka tashi a gandu, wa ke biya wa gida haraji? Me ake sayarwa a biya? Wanda ya kasa fa, me ake yi masa?" Sai ka yi shiru. Shekara kuma ba da lamba za ta zo ba. Zai ce zamanin Sarki Jafaru, wanda ya yi sarautar Zazzau daga 1937 zuwa 1959, ko ya ce bayan 'Yar Gusau, yunwar 1942. Ka tafi da jerin sarakuna da hakimai da sunayen yunwa a aljihu.

Babban ramin da ke cikin fayiloli shi ne aikin mata. Matar da ke kaɗi da mazari a tsakar gida, ta gurza audugarta, ta sayar wa masaƙi zare da abawa, ita ce ke gasa da Bisije wajen sayen auduga, kuma sau da yawa kasuwar gida ta fi kamfani biya. Mai soya gyaɗa ta matse mai ta yi ƙuli-ƙuli ta aika yarinya talla, ita ma ba ta cikin tebur ɗin kowa. A nan mace mai bincike ta fi mu sa'a. Namiji ya nemi 'yar'uwa ko ɗaliba ta shiga masa, da tambayoyi a rubuce, ta zauna da su Inna a gindin murhu, ta kuma ɗauki waƙoƙin niƙa in sun yarda.

Gargaɗi uku a wuri ɗaya. Nemi izini kafin ka kunna rikoda, ka faɗi sunan gari da kwanan wata a farkon ɗauka. Ka kai goro da ɗan abin alheri, amma kada ka yi cinikin labari, domin wanda aka saya wa magana zai ƙara mata gishiri. Na uku, maganar bauta da rinji da murgu tana da rai har yanzu. Dokar Turawa ta 'yanta waɗanda aka haifa daga Afrilun 1901, ba a soke bautar gaba ɗaya ba sai 1936, kuma jikokin ɓangarorin biyu suna sallah a masallaci ɗaya. Kada sunan gidan kowa ya shiga kundinka ta wannan fuska. Idan wani ya fito maka da tsohon rasit ɗin haraji daga cikin adaka, ɗauki hoto ka mai da masa a take.

10. Koma fayil, sannan ka rubuta

Rubuta hirarrakin da Hausa yadda aka faɗe su, cikin mako guda, kafin ka fassara. Za ka dawo da sunayen da ba ka sani ba a da: wani kanti, wani Bature mai laƙabi, wata shekara da aka ƙone rumbuna ko aka tashi gari. Da su za ka sake bin jerin fayiloli, kuma fayilolin da ka tsallake a karon farko su ne yanzu za su yi magana. Inda tsoho da takarda suka saɓa, kada ka zaɓi ɗaya ka binne ɗaya. Kawo su duka, ka faɗi wanda ka fi yarda da shi da dalilinka.

Fara rubutu da babin da ka fi ƙarfin hujja a kai, gabatarwa ta zo ƙarshe. Babin "ƙasa da mutane" kada ya wuce kima. An gaji da kundin da ke cinye shafi sittin kan ruwan sama da asalin Bayajidda kafin a ga sule ɗaya. Kowane tebur ya zo da lambar fayil a ƙarƙashinsa da jimla biyu kan yadda aka samo alƙaluman. Mai jarrabawa daga waje a nan zai fara danna yatsa ranar kare kundi.

11. Daga kundi zuwa aiki

Kafin ka kare, ciro babi ɗaya ka mai da shi maƙala, ka gabatar a taron Ƙungiyar Masana Tarihi ta Najeriya, wadda ke nan tun 1955, sannan ka gyara ka aika mujallarta ko African Economic History. Mujallar da ta ce ka biya yau ta buga mako mai zuwa, guje ta. Maƙala biyu da aka tantance da gaske sun fi goma irin waɗancan idan ka nemi tallafi ko gurbi a waje. Wanda ya samu koyarwa a jami'a ko kwalejin gwamnati ya bi ta ofishin makarantarsa ya nemi tallafin TETFund, ya kuma sa kuɗin ma'ajiya da na fita ƙasa a kasafin dalla-dalla.

Gurbin koyar da tarihi ba shi da yawa, don haka ka ƙara wa kanka abin da ba kowa ke da shi ba: ajami, lissafin ƙididdiga, ko Faransanci, wanda zai buɗe maka takardun Yamai da Damagaram, tunda fatake da masu gudun haraji ba su san iyaka ba. Idan an sa wa kundin hannu, kai kwafi ɗaya Gidan Arewa tare da sautin hirarrakin da masu su suka yarda a ajiye, kowanne da sunan gari da kwanan wata, ka kuma aika taƙaitaccen bayani da Hausa, shafi huɗu ko biyar, zuwa fadar hakimin da ya karɓe ka.